Ɗaki na Sha Huɗu

A Toledo, a gidan kula da tsofaffi,
aikin dare ya faɗo kaina ranar zaɓe.
Ɗaki na sha huɗu gado biyu ne,
labule a tsakani,
talabijin biyu a bango, kowacce da bakinta.

Ta Mista Delbert jawur take kamar barkono.
Tun magariba take rantsuwa
cewa ƙasa ta kama da wuta, baƙi sun ɓalle ƙyaure.
Ta Mista Otis shuɗiya ce,
ita ma rantsuwar take sha:
in wancan ya ci, sai dai a nemo wa ƙasa likkafani.
Ni ina tsakiya da kofin magani
ina auna hawan jini.
Na wannan ɗari da saba'in, na wancan ya ɗara.
Ban ga mai cin riba ba sai mai tallan ƙwayar barci
da ke leƙowa duk bayan minti bakwai,
haƙoransa fari fat, a tashoshin biyu.

Delbert ya riƙe mini hannu.
"Sun ce irinku ne ke wawashe mana komai."
Ya faɗa yana jiran in gyara masa matashi.
Na gyara.
"Ba ke ba, Kubura," in ji shi, "su."
Ban tambaye shi su wa ba.
Shi ma a gilashi ya san su,
bai taɓa shan shayi da ko ɗayansu ba.

Otis shekara arba'in da ɗaya yana jera haruffa
a wata ƙaramar jarida ta ƙauyensu,
wadda yanzu ginin ta ya zama shagon wankin karnuka.
Ya ce, "Da, in muka ɓata sunan mutum,
gobe za mu haɗu da shi a layin burodi.
A lokacin ƙarya tana da adireshi."
Ya gama faɗa,
ya ƙara wa shuɗiyar tasa murya.

Na tuna Baba a Gumel, da rediyonsa
mai batir ɗaure da roba.
Tasha uku yake murɗawa kafin ya ce uffan.
Yakan ce, kafin ka taka rawa,
tambayi wa ya ba makaɗi goro.
Nan kuwa kowa da makaɗinsa,
har gado ake kawo masa kiɗan.

Sha biyu ta wuce, suna shafa wa taswira fenti,
jiha jiha, kamar masu rabon naman watanda.
Wani mai farin gashi yana buga allo da yatsa,
yana raba mutum miliyan gida biyu
bai ko yi gumi ba.
Ni da ba ni da ƙuri'a tukuna
an ambace ni sau tara. Na ƙirga.

Ƙarfe biyu, tsofaffin sun yi barci, baki buɗe,
akwatunan na ci gaba da cacar baki a kansu.
Na kashe ja. Na kashe shuɗiya.
Sai ga numfashi biyu
suna tafiya kusan tare,
da injin iska yana tsaki a hankali.

Da asuba Delbert ya buɗe ido.
Na shirya masa amsar wa ya ci.
Ya nuna labule da haɓa:
"Jiya na ji yana tari. An ba shi ruwa?"

A tashar bas na kunna waya.
Saƙo goma sha ɗaya daga Yaya Tasi'u,
yana ba ni, daga Gumel,
labarin garin da nake tsaye a ciki.
Ya ce an turo masa bidiyo, ana ƙone-ƙone,
kada in fita.

Na duba titi.
Wata mata cikin rigar barci
tana cire allon kamfe daga ciyawar ƙofar gidanta.
Ya ƙi fita.
Maƙwabcinta, mai allon ɗaya ɓangaren,
ya ajiye kofinsa a kan mota
ya zo suna ja tare.